Yadda Ake Kama Beriliyam a Rufin Legas Don Bin Sawun Iskar Sama

Duk ɗalibin da aka turo min koyon wannan aiki, da tambaya ɗaya yake farawa: ta yaya mutum zai tsaya a kan rufin bene a Agege ya san abin da iska ke yi kilomita 20 bisa kansa, ba jirgi ba balan-balan? Sai in jawo durowa in ɗauko masa takardar tace iska da ta kwana uku a waje, ta yi baƙi ƙirin, in ce masa labarin yana nan ciki.

Ga abin da za ka riƙe kafin ka taɓa komai. Iskar duniya hawa-hawa ce kamar bene. Hawan ƙasa, turofosfiya, shi ne na gajimare da ruwa da hazo, kuma a yankinmu rufinsa yana kai kilomita 16 zuwa 17. Na bisansa shi ne sitiratosfiya, busasshe, ruwan sama ba ya wanke shi. Dare da rana tartsatsin kosmik yana faɗowa daga sararin samaniya yana farfasa ƙwayoyin zarra na naitirojin da oksijin, cikin ɓaraguzan kuma ake samun tagwaye, nau'i biyu na sinadarin beriliyam: beriliyam-7 da beriliyam-10. Kusan kashi biyu cikin uku nasu a sitiratosfiya ake haifarsu. Da sun fito sai su manne wa ƙananan ƙura, su bi iska duk inda ta nufa. Tsawon rai ne ya raba su. Na-7 yana raguwa da rabi duk kwana 53, na-10 kuwa sai ya shekara miliyan 1.39 kafin ya ragu da rabi. Iskar da ta daɗe a sama, ke nan, na-7 ɗinta yana ta mutuwa, na-10 yana ta taruwa. Tun 1955 Arnold da Al-Salih suka gano beriliyam-7 cikin ruwan sama a Amurka, har yau kuma hanyar kama shi ba ta canza sosai ba.

KAYAN AIKI

Na iska: babban injin zuƙo iska mai jan kubik mita 60 zuwa 100 a awa, da takardun tacewa masu inci 8 da 10, da mitar ƙirga awoyin da injin ya yi yana aiki, da hantsaki na roba, safar hannu, ledoji masu zif, da sikeli mai auna miligiram. Idan kana da niyyar auna beriliyam-10 daga baya, sayi takardar kwaz ko ta seluloz. Kada ka sayi ta zaren gilashi, akwai boron a cikinta, boron-10 kuwa nauyinsu ɗaya da beriliyam-10, yana rikita na'urar da ke ƙirga shi.

In babban injin ya gagara, ƙaramin famfon iska da mitar gas irin ta gida mai ɗaukar kubik mita 6 a awa za su yi. A mako guda za ka tara kusan kubik mita 1,000. Ya isa a gani, sai dai a daɗe ana ƙirge.

Na ruwan sama: baho ko mazurari na roba mai faɗi, jarka fara sabuwa wadda ba ta taɓa ganin mai ba, asid haidirokulorik, ruwan amoniya, ferik kulorayid, takardar gwajin pH (ma'aunin tsamin ruwa), da ma'aunin ruwan sama. Ana samun sinadarai a kasuwar Ojota, amma ka nemi masu darajar ɗakin gwaji, cikin kwalbarsu ta asali da hatiminta.

Babbar aba ita ce na'urar jameniyam mai ƙirga hasken gama, hasken da ido ba ya gani wanda beriliyam-7 ke fitarwa in ya mutu, wadda ke zaune cikin gidan darma ana sanyaya ta da ruwan naitirojin. Ba kayan da mutum ɗaya ke saya ba ce. Tuntuɓi cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko cibiyar binciken kariya daga rediyeshan da ke Jami'ar Ibadan, ka nemi a ba ka rana tun kafin ka kunna injinka. Sai littafin rubutu mai bango mai kauri da biro da ba ya bin ruwa.

MATAKI NA 1: ZAƁEN WURI

Nemi rufi buɗaɗɗe, bene hawa biyu ko fiye, nesa da bango da tankin ruwa da bishiya. A Legas abokin gabarka janareta ne, naka da na maƙwabta. Hayaƙinsa ba ya ƙara beriliyam, amma yana toshe takarda cikin awoyi kaɗan, jan iska ya faɗi, lissafinka ya lalace. Tsaya a rufin da yamma, lokacin da kowa ya tayar da nasa, ka ga inda hayaƙin ke bi. Guji kusa da babban titi irin na Oshodi zuwa Apapa, guji kuma inda hayaƙin bolar Olusosun ke sauka. Sa mai walda ya yi wa injin ƙafafu na mita ɗaya da rabi da 'yar rumfa, ka ɗaure shi da waya, domin guguwar farkon damina tana kwashe abin da ya fi shi nauyi.

MATAKI NA 2: ƊORA TAKARDA DA KUNNA INJIN

Auna nauyin takardar tana sabuwa, bayan ta kwana a cikin mazubin busarwa, ka rubuta lamba a gefenta da fensir. Ɗora ta da hantsaki, gefen mai kaushi yana kallon sama, ka ɗaure firam ba tare da ka yaga ta ba. Rubuta rana, awa, lambar mitar awoyi, da ƙarfin jan iska minti biyar bayan kunnawa. Ware takarda ɗaya da za ka ɗora ka cire nan take ba tare da kunna injin ba. Ita ce shaidarka a wurin ƙirge: abin da ta nuna shi za ka cire daga na sauran.

Kwana uku nake bari. Lokacin hunturu nakan rage zuwa ɗaya ko biyu saboda ƙura.

Kuskuren da ya fi cin sababbin hannu shi ne lissafa iska da agogon bango. Ka kunna Litinin ka kashe Alhamis, sai ka rubuta awa 72, alhali an ɗauke wuta sau shida a tsakani. Mitar awoyi kaɗai za ka yarda da ita. Ka riƙa hawa safe da yamma kana rubuta ƙarfin jan iska, ka yi aiki da matsakaicinsa. In ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin biyar, cire takardar ka sa wata.

MATAKI NA 3: CIREWA DA JIRA

Kashe injin kafin ka kwance firam. Ninke takardar biyu, ƙurar tana ciki, ka sa a leda. Ka dube ta da kyau kafin ka rufe. Ta watan Yuni toka-toka ce ko baƙa, siririya, tana warin hayaƙin mota. Ta watan Janairu kuwa ja-ja ce kamar an barbaɗa garin bulo, har tana zuba in ka karkata ta. Wannan launin zai yi maka amfani a mataki na 8, don haka rubuta shi. Busar da ita, ka sake auna nauyi.

Kada ka kai ta na'ura ranar. Tana ɗauke da 'ya'yan radon da toron, iskar gas biyu da ke tasowa daga ƙasa, 'ya'yan kuwa masu hayaniya ne a na'ura amma gajerun kwana. Mai ɗan daɗewa a cikinsu, darma-212, yana raguwa da rabi cikin awa 10.6. Ba ta kwana uku ko huɗu su lafa. Kada kuma jiran ya zarce, kowace rana kana asarar kashi 1.3 cikin ɗari na abin da ka kama.

MATAKI NA 4: TARON RUWAN SAMA

Wanda bai da injin ko kaɗan zai iya farawa daga nan. Baho mai faɗin santimita 60 yana tara kusan lita 5.7 daga ruwan milimita 20, a Legas kuwa a watan Yuni wannan ruwan safiya ɗaya ne. Fitar da shi in hadari ya haɗu, ka ɗauke da zarar an ɗauke. In ka bar shi a buɗe kwana da kwanaki, ka haɗa abin da ruwa ya sauko da shi da abin da ƙura ta zubar, ba kuma za ka iya raba su ba. Kada ka tari ruwan indararo, kwano ya riga ya riƙe rabonsa.

Beriliyam yana da son manne wa bango. Da ka juye ruwan a jarka, zuba asid kimanin mililita 2 a kowace lita har pH ya sauka ƙasa da 2. Ɗauraye bahon da ruwan asid mai rauni ka haɗa a jarkar. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid, kuma da tabarau da safar hannu.

Wata rana na bar irin wannan jarka a ƙasan matakala na hau ɗauko littafi. Ina saukowa na tarar da dattijon da ke gadin gidan ya buɗe ta, buta a hannunsa. Na ce, "Baba, don Allah tsaya, akwai magani a ciki!" Ya ajiye butar ya ce, "To ɗana, ai sai ka rubuta a jiki. Ruwan Allah na gani, fari tas." Gaskiyarsa ce. Tun ranar ba na ajiye jarka sai da jan fenti a jikinta, da gargaɗi da Hausa da Yarbanci da Turanci, kuma a ɗakin da ke da kwaɗo.

MATAKI NA 5: TATTARO BERILIYAM DAGA RUWAN

Lita biyar ba ta shiga na'ura, dole a mayar da ita 'yar kaɗan. Zuba ferik kulorayid, kimanin miligiram 10 na ƙarfe a kowace lita, ka motsa, ka bar shi ya kwana. Washegari ka riƙa ɗiga amoniya kana motsawa kana gwadawa har pH ya kai 8 zuwa 8.5. Za ka ga ruwan ya yi gajimare ruwan tsatsa, gudaji-gudaji suna sauka a hankali kamar tsakin kunu. Su ne suka rungumo beriliyam. Bar su su kwanta, ka zuƙe ruwan da ke bisansu da siririn tiyo, ka tace na ƙasan, ka busar.

Kada ka yi amfani da soda mai ƙarfi don ka gama da wuri. In pH ya haura sosai, beriliyam yana sake narkewa ya bi ruwan da za ka zubar.

In babu amoniya, ɗora ruwan a kan faranti mai zafi ya ƙafe a hankali ba tare da ya tafasa ba, a inda iska ke fitar da tururin waje, har ya koma mililita 50. Yana cin wuta da lokaci, amma ba ya zubar da komai. Ni nakan raba ruwa ɗaya gida biyu lokaci-lokaci, rabi a ƙafar, rabi a kwantar, don in san nawa hanyar ƙarfen ke ɓatarwa.

MATAKI NA 6: ƘIRGE

Cikin kowace ƙwaya 100 ta beriliyam-7 da ta mutu, kusan 10 ne kawai ke fitar da hasken gama, a kan 477.6 keV, wato ma'aunin ƙarfin hasken. Wannan layin kake nema a jadawalin da na'ura ke fitarwa.

Siffar samfur ita ce rabin aikin. Yadda ka ninke takardar farko ka danne ta cikin ƙaramin gwangwanin roba, haka za ka yi wa ta ɗari, haka kuma ma'aunin da aka gwada ƙarfin ganin na'urar da shi zai kasance. Ka tambayi mai kula da na'urar ƙarfin ganinta, wato kason hasken da take kamawa, a 478 na wannan siffar takamaimai. Kada ka karɓi lambar da aka fitar don kwanon ƙasa ko na hatsi. Ƙirga awa 24, takardar shaida ma haka. Duba cewa layin fotasiyam-40 yana zaune a 1461. In ya gusa, komai ya gusa.

In na'urar sodiyam ayodayid kaɗai ka samu, ka sani idonta bai kai ba: layin 478 yana cakuɗewa da wani layi na kusa da shi, na 511. Za ta nuna maka hawa da sauka in samfurin yana da ƙarfi, amma ban yarda a buga lambarta a matsayin sakamako ba. Ita kuma ta jameniyam, in ruwan naitirojin ya ƙare ta fara ɗumi, a kashe babbar wutarta, a bar ta ta ɗumama gaba ɗaya har ta kai ɗumin ɗaki kafin a sake cikawa. Gaggawa a nan tana kashe na'urar da jami'a guda ke dogaro da ita.

MATAKI NA 7: LISSAFI

Ga misali da lambobin koyarwa. Ka ja iska kubik mita 5,000. Bayan cire na shaida, layin ya ba da ƙirge 2,700 cikin daƙiƙa 86,400, ƙarfin ganin na'ura 0.03. Ninka 0.03 da 0.104 (kason nan na kusan 10 cikin 100 masu fitar da gama) da 86,400, ka samu kusan 270. Raba 2,700 da 270: bekerel 10, wato ƙwaya 10 ke mutuwa duk daƙiƙa. Wannan na ranar ƙirge ne. In kwana 10 suka wuce daga tsakiyar lokacin jan iskar zuwa tsakiyar ƙirgen, ninka da 1.14, ya zama 11.4. Raba da 5,000: milibekerel 2.3 a kowace kubik mita. 'Yan milibekerel ɗin nan su ne abin da aka saba gani a iskar ƙasa. In ka samu ɗari biyu, koma ka binciki lissafinka.

Don kwatanta shi da na-10 sai an mayar da shi adadin ƙwayoyi. Milibekerel ɗaya daidai yake da ƙwaya kusan 6,600, misalinmu ke nan ya kama kusan 15,000 a kubik mita.

MATAKI NA 8: BERILIYAM-10, DA TARKON HUNTURU

Na-10 ba ya fitar da gama, kuma mutuwarsa ta yi jinkirin da ba za a zauna jiranta ba. Ƙirga ƙwayoyinsa ake yi da na'urar AMS, mai tantance ƙwayoyin zarra bisa nauyinsu, irin ta iThemba LABS a Johannesbag, ko ta ETH a Zurik, ko PRIME Lab a Jami'ar Purdue ta Amurka. Bayan ka gama ƙirgen gama, yanka takardar biyu da almakashi mai tsabta, ka aika rabi, ka adana rabi. A nan ba a gaggawa, shekara ba ta rage shi. Ka bar musu aikin narkarwa da ƙara beriliyam-9, wato nau'in da ba ya mutuwa: garin beriliyam guba ne ga huhu, ba a sarrafa shi a ɗakin da ba a tanada don haka ba.

A wurin haihuwa, ƙwayoyin na-10 sun kai kusan 0.5 zuwa 0.6 na adadin na-7. A hawan ƙasa ruwa yana wanke ƙura cikin makonni kaɗan, don haka rabon ba ya nisa sosai. A sitiratosfiya kuwa, inda ƙura ke shekara ko fiye, yana ninkuwa sau da yawa. Raisbeck da abokan aikinsa a Faransa ne suka nuna amfanin wannan rabo a 1981.

Ga inda Legas ke kayar da mutum. Jar ƙurar nan ta Disamba zuwa Fabrairu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, tsohuwar ƙasa ce da ta sha ruwan sama dubban shekaru. Na-7 ɗinta ya mutu tuntuni, na-10 yana nan daram. Ta sauka a takardarka, rabo ya yi tsalle, kai kuma ka yi murna ka ce ga iskar sitiratosfiya. Ƙasar Chadi ka auna. Maganinsa: shimfiɗa faranti mai tsabta a rufin ka tara ƙurar zalla, ka aika da ita tare da takardun. In aka gaya maka na-10 nawa ke cikin kowane giram nata, ninka da nauyin ƙurar takardarka ka cire. In da hali a auna alminiyam a takardar, ya fi nauyi zalla nuna ƙasa, tunda nauyin ya haɗa da hayaƙi da gishirin teku. A ra'ayina, duk rabon hunturu da ba a yi masa wannan gyara ba, bai cancanci a saka shi a jadawali ba.

MATAKI NA 9: KARANTA ABIN DA KA SAMU

Legas tana kusan digiri 6 da rabi arewa da tsakiyar duniya, wannan kuwa yana da hukunci. Brewer a 1949 da Dobson a 1956 sun nuna cewa iska tana shiga sitiratosfiya ne ta yankunan zafi irin namu, ta gangara wajen dorayen duniya biyu, ta sauko a can. Mu a bakin ƙofar shiga muke zaune. Ƙofar fita tana arewa, musamman wajen digiri 30, inda rufin turofosfiya ke lanƙwashewa kusa da guguwar sama mai gudu. Ga shi kuma maganaɗisun duniya ya fi kare yankinmu daga tartsatsin kosmik, don haka abin da ake haifa bisa kanmu bai kai na Turai ba.

Saboda haka in na-7 ya hau, kada bakinka ya riga hankalinka. Bi waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. An yi ruwa a kwanakin? Rashin ruwa kaɗai yana ɗaga shi, kamar a ɗan tsagaitawar watan Agusta. Daga ina iskar ta zo? Shiga HYSPLIT, manhajar bin sawun iska ta hukumar yanayi ta Amurka, NOAA, a intanet, kyauta ne, ka sa wurinka, ka bi sawun iskar baya na kwana 10 a tsayin mita 500 da 1,500 da 3,000. In layin ya fito daga teku yana rarrafe a ƙasa, magana ta ƙare. In ya sauko daga kilomita 8 ko 10 bisa Sahara, to ka gyara zama. Sai ka duba bayanan ERA5, taskar bayanan yanayin duniya ta cibiyar hasashen yanayi ta Turai: iskar sitiratosfiya busasshiya ce ƙwarai, mai yawan ozon. In na'urarka tana ganin ƙananan layuka, duba darma-210 a 46.5 keV, ita daga ƙasa take tasowa ta hanyar radon, don haka in ta hau tare da na-7, iskar tudu ce da ba ta ga ruwa ba, in kuwa na-7 ya hau ya bar ta, daga sama abin ya zo. Amma sama ɗin na iya zama ƙololuwar turofosfiya kawai, wadda hadarin tsawa ke turo iskarta ƙasa. Rabon na-10 da na-7 da aka cire wa ƙura shi ne mai raba gardama.

In za ka kwatanta shekara da shekara, tuna da rana. Tana da zagaye na kusan shekara 11, wanda muke ciki, na 25, ya fara a Disamba 2019. In ta yi ƙarfi tana kore tartsatsin kosmik, beriliyam ya ragu a duk duniya ba tare da iska ta canza hanya ba. Tashoshin sa ido na yarjejeniyar hana gwajin nukiliya, irin ta Nuwakshot a Muritaniya, suna auna na-7 kullum, kuma masu bincike kan nemi bayanansu don irin wannan kwatanci.

Takarda ɗaya ba ta ba da labari. Ka yi niyyar shekara guda cur, takarda ɗaya ko biyu duk mako, a rufi ɗaya, da ninki iri ɗaya, har ka ratsa damina biyun Legas da hunturu. Daga ciki ka zaɓi shida ko takwas da za a kai AMS: biyu daga tsakiyar Yuni, biyu daga Janairu tare da farantin ƙurarsu, sauran daga makonnin da na-7 ya hau kuma HYSPLIT ya nuna iska ta sauko daga sama. Ragowar rabin takardun ka jera su a ledojinsu cikin akwatin roba mai murfi, da ƙunshin sinadarin tsotse danshi a ciki, domin raɓar Legas tana sa takardar seluloz fumfuna cikin wata guda.